Ƙafar Ɓeran Masar

Falalu mai ɗori ya gaji sana'ar daga ubansa, kuma ya gaje ta da sharaɗi guda: ba a ɗaure karaya sai an kwaɓa maganin da ƙasar wurin da ƙashin ya karye. Shekara talatin yana aiki a zaurensa na Talata Mafara, bai taɓa tsallake sharaɗin ba. Ko a Bakura mutum ya faɗo daga kan jaki, sai ɗan'uwansa ya koma ya ɗebo ƙasa, shi kuwa yana kwance yana nishi. Ubansa ya ce ranar da ya yi ɗori babu ita, ranar hannunsa zai mutu.

A shekarar da aka datse ruwa a Bakolori, wata tsohuwa mai suna Marka ta yi sallama ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Bayan sun gaisa sun tambayi gida da gajiya, ta buɗe. Ɓeran Masar ne fari da ja, ya takure, ƙafarsa ta baya ta kumbura. Da ta aje shi ƙasa sai ya ja ta kamar ba tasa ba.

"Gwaggo, wanga ai ɓera ne."

"Na Masar ne," in ji Marka. "Ba ya sata."

Ta ce marigayi mijinta ne ya sayo mata shi. Ranar da aka kwashe su daga ƙauyensu na ƙasar Maradun, ruwa ya riga ya shigo gonaki, ana gaggawar ɗaura kaya sai turmi ya gangaro ya danne shi. Kwana shida ke nan, ko harawa ya daina ci.

Falalu ya lalubi ƙafar da ɗan yatsa. Ɓeran ya yi ƙara. Karaya ce, mai kyau ma.

"A ina turmin ya danne shi?"

"Bakin ɗakina."

"Ina ɗakin?"

"Cikin ruwa."

Falalu ya mayar da ɓeran cikin ƙwaryar. Ubansa bai ce komai a kan ɓera ba, bai kuma ce komai a kan gari ya nutse ba. Korar mai karaya laifi ne a gidansu, ɗori babu ƙasa kuma laifi ne. Ya auna su biyun bai ga wanda ya fi sauƙi ba, don haka washegari suka hau motar kasuwa, shi da Marka da ƙwaryar.

Wani masunci ya ɗauke su a kwalekwale. Ruwa ya shimfiɗu ko'ina, sai kawunan kuka da giginya nan da can. Marka ta dubi gabas, ta dubi yamma. Suka yi ta tafiya har rana ta take. Can ta miƙa hannu.

"Nan ne."

Falalu ya dubi wurin. Ruwa ne, irin wanda suka baro a baya.

"Kin tabbata, Gwaggo?"

"Gidana ne ko naka?"

Falalu ya ɗaura gwangwani da dutse a igiya ya zura. Sai a karo na huɗu ya fito da 'yar laka. Da suka koma bakin ruwa ya kwaɓa ta da man shanu da garin magani, ya ja ƙafar ta daidaita, ya tsaga karan dawa siriri ya ɗaure da zare. Ɓeran ya cije shi a babban yatsa.

Bayan sati uku Marka ta dawo. Falalu ya kwance karan. Ɓeran ya taka, ya sake takawa, ya ruga bayan randa, sai da suka sa hannu biyu suka kamo shi. Ko ɗingishi babu.

Falalu ya ji daɗi, amma bai daɗe yana ji ba. Da ta yunƙura za ta tashi ya ce, "Gwaggo, tsakaninki da Allah, mi kika gane wurin da shi?"

"Ban gane ba."

"To mi ya sa kika ce nan ne?"

"Amai nike ji. Ban taɓa shiga jirgi ba."

Ta rufe ƙwaryarta ta yi masa godiya ta tafi.

Falalu ya zauna yana duban hannuwansa. Ko dai tsohuwar ta dace da bakin ɗakinta cikin duk faɗin ruwan nan, ko kuma shekara talatin yana barin mutane kwance da karaya don jiran abin da ba ya aikin komai. Ya tuna wani mahauci da ya kwana biyu yana kuka kafin ƙasa ta iso daga Faru. Ya so ƙwarai ya yarda da dacewar, ya kasa.

Ranar Talata aka kawo wani lebura da ya faɗo daga bayan tifa a wajen aikin magudanar ruwa, hannunsa na lilo. Yayansa, wanda ya san ƙa'idar gidan, ya ce bari ya ruga ya ɗebo ƙasa.

"Riƙe min kafaɗarsa tukuna," in ji Falalu.

Ya kwaɓa magani da man shanu kaɗai. Yatsunsa suka sami bakin ƙashin kamar kullum. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaure.

"Malam, ƙasar hwa?" in ji yayan.

Falalu ya wanke hannu, ya murza yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Duk suna motsi.

"Sai a kawo," ya ce. "Ba gaggawa. In kun zo kwance ɗori ku taho da ita."