Hancin Farfesa Vermaas

Farfesa Vermaas ya cusa hancinsa cikin kwalbar farko, ya lumshe ido, ma'aikatan sashen nazarin tsirrai suka kewaye shi, kowa da guntun kek a hannu. Walimar ritayarsa ake yi, ruwa na ta dukan rufin ɗakin gilashin da suke renon na'ana'a.

Dakta Sietske Hoekstra ce ta miƙa masa kwalaben man na'ana'a guda biyu. Shekara goma sha ɗaya tana aiki a ƙarƙashinsa kan wasu enzayim biyu 'yan uwan juna, wato furotin ɗin da ke sarrafa man tsiron, ɗaya a na'ana'a mai sanyaya baki, ɗaya a mai ƙamshin zaƙi. Abu ɗaya suke kamawa, amma kowanne da irin man da yake fitarwa. Vermaas ya yi suna ne da cewa murfin da ke bakin enzayim ɗin shi ya raba su. Ita kuwa ta gano ƙwayar amino guda ce, cikin ƙwayoyin da suka gina enzayim ɗin, can cikin ramin da murfin ke rufewa, babba a ɗaya, ƙarama a ɗayan, ita ke juya abin da aka kama. Sau uku tana kai masa sakamakon. A na ƙarshe ko tabarau bai sa ba.

"Sietske, yarinyata, ina karanta siffar furotin tun kina koyon keke. Je ki wanke kayan aikinki, datti ne ya ba ki wannan sakamakon."

Shekararta arba'in da huɗu a ranar.

Yanzu ga shi yana shinshina kwalba ta biyu, yana kaɗa kai. Ba walimar da ba ya wannan wasan.

"Ta farko mai sanyi, ta biyu mai zaƙi. Murfi daban, ƙamshi daban. Hanci ba ya ritaya, jama'a!"

Aka tafa. Sietske ta bari tafin ya mutu.

"Ka canka, Farfesa. Sai dai murfinsu ɗaya. Enzayim ɗin mai zaƙi ne ya yi duka biyun. Ƙwaya guda na sauya masa a cikin ramin."

Wani ya yi tari. Ta zuba masa ido, tana jiran fuskarsa ta yi ja, ya daki tebur. Da ya yi hakan, da ta ɗan ga girmansa.

Vermaas ya kaɗe ɓurɓushin kek daga rigarsa, ya yi murmushi, ya dubi taron.

"Kun gani? Na daɗe ina zargin ramin nan. Ni na ɗora ta a kan hanya." Ya dafa kafaɗarta, ya rage murya. "Takardar binciken, yaushe za mu tura ta mujalla? Sunana a ƙarshe, gurbin shugaba, kamar kullum."

"Ta tafi tun Litinin."

"Da sunan wa?"

Ta zame kafaɗarta, ta rufe kwalaben, ta tambayi na kusa da ita ko akwai sauran kofi.