Kogi a Hannun Dama

Dutse na bakwai ke nan Safiyo ya mayar aljihun hagu, sai ya ɗaga kai ya ga kogin a hannunsa na dama.

Ya rage gudu, ya tsaya. Gudun ma dai suna ne kawai, don akuya mai ciki za ta wuce shi ba tare da ta yi haki ba. Amma lissafinsa ba abin wasa ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna filaye, har sunan aikin ya cinye nasa, kuma wannan hanyar da ta ratsa makiyaya da fadama shi ya shata ta kafin a zuba mata tsakuwa. Tun yana aiki yake da ƙa'ida: duwatsu goma a aljihun dama, duk taku ɗari a mayar da ɗaya hagu. In za ka tafi kogi na hagunka, in za ka dawo yana damanka. To shi bai juyo ba, ga kogi a dama yana tafiyarsa kamar can ya kwana.

Wata biyu da suka wuce ya fita sayen magani, aka tsince shi a tashar mota yana tambayar hanyar gidansa. Tun daga wannan rana Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya, ta hana shi fita shi kaɗai. Gudun safen da likita ya ɗora masa tare suke yi, daga gida zuwa gadar siminti su dawo. Rabonsa da wuce gadar tun kafin ciwon da ya kwantar da shi bara.

"Baba, ba raini ba ne," ta ce masa jiya da yamma. "Tsoro nake ji."

"Ni na auna hanyar nan ke ko rarrafe ba ki fara ba. Ki bar ni gobe in kai ƙarshenta ni kaɗai. In ƙarfe takwas ta yi ban dawo ba, ki riƙe makullin ƙofa, ba zan ƙara magana ba."

Yanzu ga shi tsaye, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando, ga shanu can suna kiwo da balbelu a bayansu, ba ruwansu da wanda ya ɓata. Ya zuba hannu a aljihu ya ƙirga. Bakwai a hagu, uku a dama. Ko dai ya kai ƙarshe ne ya juyo, ya manta? In haka ne me ya sa duwatsun ba su ƙare ba? Ko sun ƙare ya sake sabon zubi? Ya ƙara ƙirgawa, wannan karon shida ya samu, sai da ya lalubo ɗaya da ya maƙale a ɗinki. Tsoro ya kama shi sosai, irin na ranar tasha.

Can baya wata mai farar hula da ita ma take gudu ta tsaya tana gyara takalmi. Ya kawar da kai. Ba zai tambayi kowa hanya ba, tambaya ce ta ja masa wancan karon.

Sai ya tuna turke na sha huɗu. A taku ɗari bakwai da hamsin daga gadar siminti, inda ya fara ƙirga yau, ya kafa shi, turken siminti, ya rubuta lamba da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Turke ba ya ƙarya. Ya sauka daga hanya ya shiga ciyawa ta hagu, inda ya san bakin kogi yake. Babu kogi. Wani kwari ne ya tarar cike da bado da kainuwa, ruwan ko motsi ba ya yi, kwaɗi na ta faɗawa ciki. Ya ƙara taku uku, taɓo ya kama ƙafarsa ta dama har idon sawu. Ya ja, ƙafar ta fito, takalmin ya ce shi ya samu wurin zama.

"Baba, lafiya? Me ka yar a nan?"

Wani kafinta ne da guduma a hannu, ya taso daga inda yake gyaran wata gadar katako.

"Kogi nake nema," in ji Safiyo, ya ji maganar ta fito kamar ta mahaukaci.

Kafintan bai yi dariya ba. "Ai ya tashi, Baba. Ambaliyar bara ce ta yanke masa sabuwar hanya. Wannan katakon da ka bi ta kansa ɗazu, shi ne a ƙarƙashi. Na gaishe ka ma, kanka na ƙasa kana ƙirge-ƙirge."

"Wannan kwarin fa?"

"Tsohon gidansa ke nan."

Kafintan ya zaro masa takalmin da sanda. A nan, taku biyar gaba, Safiyo ya hango kan turke ya leƙo daga cikin bado, gansakuka ta rufe rabinsa, amma ga ɗaya ga huɗu, rubutun hannunsa. Daɗi ya cika shi har ƙwalla ta taru masa. Ashe kansa lafiya lau, ƙasar ce ta rikice.

Ya hau hanya da takalmi a hannu, kafinta ya koma bakin aikinsa. Mai farar hula ta ƙaraso, ta miƙa masa gorar ruwa. Ya sha, ya kuwa buɗe mata karatu, don farin ciki ba ya zama a ciki: yadda ya kafa turken, yadda kogi ke cin gaɓa ɗaya ya zubar a ɗayar, yadda lissafinsa ya fito daidai ko taku goma bai kuskure ba.

"Sai dai alfarma ɗaya, 'yar nan," ya ce. "In kin san gidanmu, kada 'yata ta ji na shiga taɓo. Yarinyar kirki ce, amma ta ɗauka na fara rikicewa."

Matar ta daɗe tana kallonsa.

"Ba za ta ji ba, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Iyayenki sun iya tarbiyya."

Ta durƙusa, ta karɓi takalmin, ta goge taɓon da ciyawa, ta sa masa. Tana ɗaure igiyar ya ga agogon hannunta. Agogon maza ne, ya yi mata yawa, gilashin ya tsage a gefe. Ya san ranar da ya tsage, kan wani dutse ne a wurin aiki. Ya san kuma wadda ya ɗaura wa shi ranar da ta fara aikin asibiti. Ya dubi fuskar da ke ƙarƙashin hular. Auta ce, kuma tun daga gida take bin sa.

Ba ta ɗago ba. Igiyar ta ɗauru tuni, amma ta kwance ta sake ɗaurawa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Agogon ya nuna takwas saura ashirin da biyar. Da zai juya yanzu, da ya isa gida da sauran lokaci, ya cika alkawari, ba kuma wanda zai ce ya ɓata hanya.

Ya zuba hannu a aljihu biyu ya kwaso duwatsun duka goma. Da ta miƙe ya kamo hannunta ya zuba mata.

"Duk taku ɗari, ɗaya ya koma hagu. Kin iya?"

"Na iya, Baba."

"To ki daina bin baya kamar ɓarauniya. Ki dawo nan kusa, inda zan riƙa ganinki."

Suka juya gida a hankali, kogin a hagunsa, Auta a damansa tana ƙirga taku a fili.