Hannun Coy a Akushin Mamaw

Tun ranar da Mamaw Ozella, wato Kaka Ozella a bakin jikoki, ta zame a matakalar ƙofar baya ta karye a wuyan hannun dama, mijinta Papaw Arvil ya daina karin kumallo. Ba ciwo ne ya hana shi ba. Mutum ne da tun yana ango bai taɓa fita gona ba sai da biskit mai zafi a cikinsa, irin na gida, wanda ake kwaɓawa da man shanu da nonon tsala, ya tashi ya yi tozo, a ɓare shi da hannu tururi na fita. An kawo masa burodin kanti, ya matsa shi da yatsa ya ce wannan ai soso ne. Matan coci suka kawo nasu, ya yi godiya har da cire hula, ya gutsura kaɗan ya ture. Kafin wata ya zagayo sai da ya huda sabon rami a bel ɗinsa.

'Yarsu Renita, wadda ke aikin jinya a birnin Knoxville, ta zo ta gan shi. Ba ta ɓoye abin da ke ranta ba.

"Baba, wandonka na neman faɗuwa. In na dawo na same ka haka, ku biyun zan kwashe ku mu tafi birni, a rufe gidan nan. Ba zan zauna ina jiran waya ba."

Papaw ya dubi tsaunin da ke bayan rumbun taba, inda aka binne iyayensa, ya ci gaba da feƙe ɗan icen da ke hannunsa.

Jikansu Coy ne ya ce zai zauna da su. Goggonsa Renita ta yi dariya, kuma ba wanda ya ga laifinta. Coy ya bar makaranta ana saura kaɗan ya gama. Ya yi facin taya, ya yi yankan katako, ya tuƙa babbar mota har Texas, ya dawo a motar haya. Duk aikin da ya kama, da zarar ya fara gane kansa sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. A dangi in aka ga an bar abu rabi da rabi sai a ce Coy ya biyo ta nan.

"Kai da ba ka taɓa gama ko shingen kaji ba," in ji Renita.

"Wannan zan gama, Goggo."

Akushin Mamaw yana kan kantar madafa kusa da taga, an rufe shi da farin ƙyalle. Mahaifin Papaw ne ya sassaƙa shi. Kullum cike yake da fulawa, ba a wanke shi, ba a juye shi, sai dai a ƙara in ta yi ƙasa. A tsakiyar fulawar ake yin rami a kwaɓa na ranar, a ɗauke, a tankaɗe sauran a mayar da ƙyalle. Hannu biyu ne kawai suka taɓa shiga cikinsa, na surukar Mamaw da nata. Shi ya sa da Coy ya naɗe hannun riga ya yaye ƙyallen, tsohuwar ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Ba zan iya kallo ba," ta ce. "Kamar in ga wani ya sa haƙorana ne. Ina baranda, ka tambaye ni daga nan."

Haka suka riƙa yi kowace safiya. Tana zaune a kujera mai lilo ta ba ƙofa baya, hannunta a ɗaure a ƙirji, shi kuma yana ciki yana ɗaga murya.

"Mamaw, man shanu nawa?"

"Kamar ƙwan kaza. Na babbar kaza, ba na waccan ramammiyar ba."

"Nonon fa?"

"Har sai ya isa."

"Yaya zan san ya isa?"

"Za ka sani."

Bai sani ba. Amma ya riƙe abu ɗaya a ransa, wannan karon ba wanda zai ce ya bar aiki a tsakiya. In ya zuba nonon ya ga kwaɓin ya yi dagaje-dagaje yana manne masa a yatsu, sai ya juye shi a tebur ya hau murza. Ya danna da tafin hannu, ya naɗe, ya sake dannawa, har gumi ya tsatso masa, har kwaɓin ya yi sumul yana sheƙi kamar kumatun jariri. Sannan ya yanka, ya jera su nesa da juna don kowanne ya sami fili, ya tura a obin, tandun gashi. Suna fitowa da kyan gani, a daddaɓe, launin ƙasa-ƙasa.

Papaw ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a gefen faranti.

"Yaro, ka ajiye mini guda biyu. Ƙafar teburin rumbu na rawa."

"Ka ɗanɗana mana tukuna, Papaw."

"Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, kuma mun saba da juna."

Ya sha baƙin kofi ya fita. Coy ya canza fulawa. Ya ƙara bakar hoda, mai sa kwaɓi ya tashi, har biskit ɗin ya yi ɗaci. Ya ce ko obin ne, ya kwance ƙofarsa ya gyara ya mayar, don irin wannan aikin hannunsa ya iya. Mamaw kuwa daga baranda tana ta lissafin abin da zai iya zama, ko nonon bai yi tsami sosai ba, ko man ya kwana a waje. Duk abin da ta faɗa ya gwada, kuma kowace safiya yana ƙara ƙarfin murza, don a ganinsa ƙoƙarinsa ne bai kai ba.

Ranar Alhamis Renita ta bugo waya ta ce tana tafe ranar Lahadi bayan coci.

Washegari aka tashi da ruwa, irin mai zuwa da iska yana feshi har cikin baranda. Dole Mamaw ta zauna a falo, bango ɗaya tsakaninta da madafa. Coy ya hura wuta, ya yi tambayoyinsa na kullum, ya juye kwaɓi a tebur ya fara. Teburin tsoho ne, kowace dannawa sai ya buga bango, har hoton auren da ke rataye a falo ya soma karkacewa.

"Coy."

"Na'am, Mamaw."

"Wa kake duka a ciki?"

"Kwaɓi nake murzawa."

Sai ga ta a bakin ƙofa da silifas, tana kallon teburin, tana kallon hannuwansa da suka yi fari har gwiwa.

"Kullum haka kake yi masa?"

"Har sai ya yi sumul. Ba na bari sai na gama."

Mamaw ta ja kujera ta zauna. Kafaɗunta suka fara rawa, ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta har tana riƙe karyayyen hannun kada ya motsa.

"Ɗan nan, me ya yi maka? Ni da na ce ka tambaye ni, ban taɓa tunanin gaya maka wannan ba. Ai ban san abin faɗa ba ne. Zubar wa kaji wancan. Je ka wanke hannu da ruwan sanyi, ka bar su a ciki har su yi maka zafi. Hannunka kamar garwashi, man ma narkewa yake tun kafin ya ga wuta."

Ya dawo yana yarfa yatsu. Wannan karon ba ta juya baya ba. Ta matso da kujera har gwiwarta na taɓa kantar, ta sa ido a akushin, ko da yake ya ga yadda ta cije leɓe lokacin da hannunsa ya nutse a fulawar.

"Yi rami. Yanko man daga firiji, mai tauri. Murtsuke shi da kan yatsu kawai, kamar kana jin laushin yadi a kasuwa. Ya isa."

"Akwai gudaji fa, Mamaw. Kamar wake."

"Su nake so. Zuba nono. Juya yatsunka a ciki a hankali, kwaɓin zai jawo fulawar da yake buƙata daga gefe, kada ka tura masa. To, tsaya."

Coy ya dubi abin da ke gabansa. Jiƙaƙƙe ne, yagaggen abu, ko'ina ƙulli.

"Ai bai yi ba."

"Ya yi."

"Mamaw, dubi muninsa. Ko rabi ban kai ba."

"Ka ji ni da kyau. Duk duniya wannan ne aikin da ake so mutum ya bari tun yana da muni. Kai da ka fi kowa iya tafiya ka bar abu, yau da aka zo inda ake neman gwaninka sai ka ce kai mai naci ne?"

Ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta riga shi. Ya ɗauko kwaɓin a hankali kamar ɗan tsako, ya shimfiɗa a tebur da tafin hannu, ya ninka, ya sake ninkawa, ta ce ya cire hannu. Ta nuna masa tsohon gwangwanin madara da take yanka da shi, ta ce ya danna kai tsaye ya ɗaga, kada ya murɗa, in ya murɗa bakin zai liƙe ya hana shi tashi. Da ya fara jera su nesa-nesa a kaskon ƙarfe sai ta buge masa hannu da na hagunta.

"Matso da su su jingina da juna. In ba su da abin dafawa, gefe za su baje."

Ya tura kaskon a obin. Ta hana shi buɗewa. Ya zagaya madafar, ya leƙa taga, ya goge tebur da ya riga ya goge, ya dawo ya tsuguna gaban obin yana kallon ƙofar ƙarfe da ba a ganin komai ta cikinta. Ƙanshin ne ya fara fita, na man shanu da ya soma soyuwa a gindin kasko, ya bi ta falo ya hau bene. Suka ji takun Papaw yana saukowa, a hankali, yana tsayawa a kowace matakala.

Da Coy ya fito da kaskon, sun tashi sun cika shi, sun ɗaga kafaɗa sun haɗe, samansu ja-ja, wasu sun karkace gefe. Papaw ya zauna. Ya jawo kwalbar zumar takanda ya zuba a faranti, ya yanko man shanu ya dame su da cokali mai yatsu har suka yi fari-fari, kamar yadda yake yi tun Coy bai san kansa ba. Ya ɓare biskit ɗaya, tururi ya bugi tabaransa. Ya dangwala ya kai baki. Ya daɗe yana tauna.

"Yaya, tsoho?" in ji Mamaw.

"Ba naki ba ne."

"Na san ba nawa ba ne. Tambayarka nake ko zai ciwu."

Papaw ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Ranar Asabar Coy ya kuskure, ya zuba nono ya yi yawa, suka fito da danshi a ciki. Papaw ya yi mita, ya ci. Ranar Lahadi suka yi kyau.

Renita ta iso da rana, bayan motarta cike da kwalaye da aka naɗe, na kwasar kaya. Ta shigo ba ta ko ajiye jaka ba ta tsaya a ƙofar madafa. Mahaifinta na zaune da faranti a gabansa, zumar takanda a gemunsa, yana gardama da Mamaw a kan ko saniyar maƙwabci ce ta karya shinge ko iska. Coy na tsaye gaban akushi da ƙyallen Mamaw ɗaure a ƙugu, yana tankaɗe sauran fulawa.

"Wa ya yi waɗannan?"

"Ni ne, Goggo."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓare ta duba cikinsa, ta ci a tsaye. Ta dubi wuyan mahaifinta da idon ma'aikaciyar jinya, ta kama damtsensa ta matsa, shi kuma ya fizge yana cewa shi ba ɗan maraƙin sayarwa ba ne.

"Har yanzu a rame kake, Baba."

"Ki ba ni lokaci. Yaron bai daɗe da daina yi mini bulo ba."

Renita ta juya ga Coy. "Likita ya ce hannun Mama sai bayan Kirsimeti, kuma ko an kwance ba lallai ya koma kamar da ba. Kana nan har lokacin? Gaskiya nake so, ba daɗin baki ba."

Coy ya kalli taga. Ruwa ya ɗauke, hanyar da ta gangara zuwa babban titi ta bushe, kuma ya ji ɗan ƙaiƙayin nan a tafin ƙafa, don bai bar shi ba. Amma gobe yana so ya gwada ƙara ninki ɗaya ya ga ko za su fi tashi.

"Ina nan," ya ce.

Ta ɗan jima tana kallonsa. Sannan ta ajiye jakar a kan kujera, ta zauna, ta jawo kaskon gabanta.

"Kwalayen su zauna a mota. Mama, miƙo mini man nan."