Jinyar Ɓeran Ɗayyabu Tela

"Kai na ce ka riƙe masa, ba wuya ba," in ji Ɗayyabu. "Shaƙe shi za ka yi?"

Na gyara riƙo. Mun naɗe ɓeran Masar ɗin a cikin ƙyallen atamfa, kansa kaɗai ne a waje, yana kan cinyata, ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna. Ɗayyabu ya zuƙi magani a sirinjin da aka cire wa allura, ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa don ya ga layin da malamin dabbobi ya shata masa da biro. Ya kai sirinjin gefen bakin dabbar, bayan haƙoran gaba inda akwai ɗan gurbi, ya matsa kaɗan, ya jira ya haɗiye, ya sake matsawa. Rabi ya shiga, rabi ya biyo haɓar ɓeran ya sauka a wandona.

Na ce masa na tsufa ina jan mota tsakanin Birnin Kudu da Gwaram har Basirka, na ɗauki awaki, na ɗauki amare, na ɗauki gawa, amma ban taɓa zaton a jinyar ɓera zan ƙare ba. Ya ce da ma duk fasinjojin da na lissafa sun fi ni hankali, wannan ma ya fi ni.

Ɗayyabu tela ne, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa tun muna da ƙarfinmu. Matarsa Bara'atu ce mai kiwon ɓerayen Masar a wani tsohon akurki a bayan ɗaki. Da ta rasu aka rarraba su, ya hana a ɗauki guda ɗaya, wani ja da fari mai gajerun ƙafafu, ya sa masa suna Gajere, ya shigo da shi ɗakinsa. Daga baya shi ma ciwo ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya kwanta. A asibiti aka ce zuciya ce, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a samu mai kula da shi. Ya rufe keken ɗinkinsa da buhu. Matata Hapsatu ce take aika masa koko da safe, da tuwo mai laushi da yamma, don haƙoransa sun zube tuntuni. Ni kuma nake kama shi zuwa bayi in dawo da shi.

Abin da ba mu sani ba, duk abin da Hapsatu ta aiko, tare suke ci da Gajere. Ɗayyabu yana ganin gata yake yi masa. Wai me zai sa shi yana shan koko da sukari, abokin zamansa yana cin ciyawa kamar jaki. Sai da dabbar ta daina ci gaba ɗaya, yawu na dalala har ƙirjinta ya jiƙe, ta rame ana taɓa ƙashin bayanta, sannan ya sa ni na sa ta a kwali na kai wa malamin dabbobi. Malamin ya buɗe bakin ya nuna min. Haƙoran gaba sun yi tsawo sun lanƙwashe, turamen ciki sun yi tsini suna yankar harshe. Ya ce irin waɗannan haƙoransu ba sa daina fitowa har su mutu, ciyawa ce magagarin da ke rage su, in aka hana su ita to an kashe su da daɗi. Ya rage haƙoran, ya ba da magani na ruwa safe da yamma, ya ce a riƙa dama garin harawa da dusa ana ɗura masa har ya iya ci da kansa.

Na kawo wa Ɗayyabu bayanin. Ya ce kada in gaya wa Hapsatu kokonta ne.

'Ya ɗaya ta rage masa a duniya, Raliya, tana aure a Gwaram gidan Alhaji Maikuɗi mai sayen riɗi. Ita ce ta fari, don haka bai taɓa kama sunanta ba, Ta Gwaram yake ce mata. Tun da ciwon ya yi nauyi take zarya, kowane zuwa magana ɗaya ce: Alhaji ya sa an gyara ɗaki, an sa fanka da katifa, Baba ya zo a yi jinyarsa a can. Ita ba za ta iya barin gida da yara a tsakiyar kaka ta tare a Birnin Kudu ba. Shi kuma kowane zuwa da uzurinsa. Da Gajere ya kwanta sai ya samu wanda ya fi duka. Ya ce dabbar da ake ɗura wa abinci ba za ta jure ramukan hanyar Gwaram ba, kuma gidan da ake ajiye buhunan riɗi ba a shiga da mai suna ɓera. Ta gaji ta ce to yaushe. Ya ce ranar da Gajere ya ci abinci da bakinsa, ta turo mota. A gabana ya faɗa.

Ni na san ba ɓera ba ne. Na yi shekaru ina jin hirar mutane a bayan kujerata, na san uzurin gaskiya, na san wanda aka ɗinka. Tun ranar ɗaurin aure Ɗayyabu bai taɓa cin ko goro a gaban Alhaji Maikuɗi ba. In Alhajin ya zo gaisuwa, a zaure yake tsugunawa, Ɗayyabu ya sa babbar riga da hula ya fito, su gaisa kowa na kallon ƙasa, shi ke nan. Mutumin da ya yi wannan zaman da surukinsa, yanzu a ce ya je ya kwanta a gidansa. Wata rana ina kama shi muna dawowa daga bayi, zanensa ya kusa zamewa, ya tsaya yana haki ya jingina da ni.

"A can wa zai yi min wannan?" ya ce.

Na ce akwai mutane.

"Akwai shi," ya ce. Bai sake tayar da maganar ba.

Haka muka ci gaba, safe da yamma. Ni riƙo, shi ɗuri. In an gama magani sai a bi da kunun harawa, kore shar, mai warin garke. Ɗayyabu yana yi yana yi masa magana kamar mai lallashin wanda ya zo karɓar ɗinkin da ba a gama ba. Nasa ƙwayoyin kuwa sai na yi faɗa yake sha. Gajere ya fara nauyi a hannu. Yawun ya tsaya. Ya fara harbin ƙyallen da ƙafar baya.

Wata safiya na shiga da kokon Hapsatu na tarar Ɗayyabu a zaune bakin gado yana kallon lungun keke. Gajere ne a wurin, ya ja karan harawa guda daga ɗaurin da muke dakawa, yana tura shi cikin baki kamar yadda ake tura yadi a ƙarƙashin allura. Fuskar Ɗayyabu ta kasu biyu. Ya ji daɗi, wannan ba shakka, har ya ce min in duba yadda yake taunawa ta kowane gefe. Sannan ya tambaye ni yau wace rana ce. Na ce Laraba. Ran Juma'a Raliya take zuwa.

Ya ce ran Juma'a in kwashe harawar in kai gidana, in ta tafi in dawo da ita. Na ce ba ni da matsala, na sha ɓoye kaya a mota da suka fi harawa nauyi.

Ta zo da hantsi, a motar Alhaji, da direbansa Hadi, ko da za a dace. Hadi ya tsaya a waje. Ta gaishe ni, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta ajiye ledar tsaraba a gefen ƙofa, zogale ɗanye da karas da 'yan lemo. Ta dubi ƙafafunsa, ta danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta tambayi jikin Gajere. Ɗayyabu ya girgiza kai ya ce sai a hankali, ga shi yanzu ma za a yi masa ɗuri, ta gani da idonta.

Na naɗe shi. Amma dabbar da muka saba naɗewa ba ita ce wannan ba. Sirinjin na isa bakinsa ya murɗe, ya zame ta ƙasan ƙyallen, ya dira daga cinyata. Bai yi lungu ba. Ledar ya nufa, ya tura kai ciki, ya jawo karas ɗin da ya kusa kai shi tsawo, ya zauna a tsakar ɗaki ya fara.

Ɗakin ƙarami ne, ba abin da ake ji sai wannan gurgurar. Raliya tana kallon ɓera. Ɗayyabu yana kallon bango. Ni ina riƙe da ƙyalle ba komai a ciki.

"To," in ji Ɗayyabu. "Magana na yi. Ƙasimu, miƙo min babbar rigata."

Na ɗauko ta daga ƙusa. Ya ce a ba shi hular ma, da takalmin. Takalmin bai shiga ba, ya yi ta turawa. Ya ce a bari, ya tafi a haka. Sai ya ce a'a, a nemo masa safa, ba zai sauka a ƙofar gidan mutane da ƙafa a waje ba. Duk wannan bai dubi 'yarsa ba. Ita kuwa shi take kallo, yadda ya ja rigar ya rufe gwiwoyinsa, ya sake ja, alhali ba kowa a ɗakin sai mu.

Ta tashi ta fita zaure. Ina jin ta ta kira mijinta a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, dabbar nan ba ta fara ci ba. Ina neman izini in zauna in taya su."

Ƙofa a buɗe take, gurgurar karas tana kaiwa zaure sarai. Alhaji Maikuɗi kuwa mutum ne da in ya dafa buhu yake sanin ko an gauraya riɗi da yashi. Ban ji abin da ya fara cewa ba. Na dai ji ta ce to, to, in sha Allah. Da ta dawo ta ce Alhaji yana gaida Baba, ya ce a ci gaba da ba ɓeran magani kada a yi wasa, yara kuma ƙanwarsa za ta riƙe su. Hadi ya juya da mota ba kowa.

Ɗayyabu ya cire hular ya miƙo min. Ya ce wa bango, "Ta Gwaram, a yanka masa karas ɗin ƙanana, kada ya ƙware."

Daga ranar ita ta karɓi riƙo. Maganin ya ƙare ba da daɗewa ba, amma ɗuri bai tsaya ba, ruwan randa Ɗayyabu yake zuƙa har layin biro, safe da yamma, Gajere ya sha ya koma kan harawarsa. In Alhaji ya kira, jikin ɓera yake fara tambaya, a ce masa da sauƙi amma da saura, sannan ya tambayi na Baba. Ya aiko da buhun shinkafa da katifar da aka saya don ɗakin can. Shi bai zo ba. Bayi kuwa ni ne har ƙarshe, da ƙafar ta daina ɗaukarsa muka koma fo, Raliya ta fita tsakar gida in na shigo.

Ranar da Ɗayyabu ya rasu na fita sayo harawa bayan ɗurin safe. Ya ce min in zaɓo mai ganye, ta jiya duk kara ce, an cuce ni. Na dawo da ɗauri a ka, na tarar Hapsatu a ƙofar gidansa da mayafi a karkace. Raliya ta ce ya nemi a jingina shi da bango, ta jingina shi, ta juya ta zuba masa ruwa, shi ke nan. Na ajiye harawar na yi salati.

Kafin azahar Alhaji Maikuɗi ya iso da mutanen Gwaram mota biyu. Liman ya ce masa ko zai shigo wurin wanka, tunda ba ɗa namiji. Ya ce a'a, Baba Ƙasimu yana nan. A zaure ya tsaya har muka gama ni da liman, muka sa likkafani, muka ɗaure. Sai da aka fito da makara sannan ya matso ya kama gaba, bai kuma bari an karɓe shi ba har maƙabarta.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmin kaba a zaure da ƙofar gida, ana karɓar gaisuwa. Ina gefen Alhaji. A cikin shige da ficen mata wani ya bar ƙofar ɗakin a buɗe, ba mu ankara ba sai ga Gajere ya biyo gindin bango ya shigo zaure. Ya sunsuna takalman mutane, ya zo daidai inda Alhaji yake zaune, ya kama bakin tabarmar ya fara ci. Wani daga cikin mutanen Gwaram ya ɗaga hannu zai kore shi. Alhaji bai daina amsa gaisuwar da yake amsawa ba, ya dai janye ƙafarsa kaɗan, ya tattare gefen rigarsa, ya bar masa wurin.