Kunnen Kawu

Kawu ya daina sauraron mitar gwajin waya, kallonta yake yi. A da, in ya haɗa bakin wayoyi biyu, ɗan kukan nan nata ya ishe shi, ko juyowa ba ya yi. Yanzu sai ya sunkuya ya ƙura wa fuskarta ido, ita kuwa tana ta kuka a hannunsa kamar sauro. A makona na biyu a shagonsa na lura da haka.

Shagon na sa wa motoci sauti ne, kuma shekara talatin ke nan Kawu yana cikinsa. Da na gama jami'a ina jiran aiki, Mama ta ce in je in taya yayanta maimakon in zauna ina kallon rufin ɗaki. Tun ranar farko ya raɗa mini suna Injiniya, ya ba ni aikin rufe fatar ƙofofi, wato marufin cikin ƙofar mota, idan ya gama.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kowace ƙofar gaba tana da lasifika biyu. Babbar tana ƙasa cikin ƙofa, ita ke ɗaukar sauti mai nauyi. Ƙaramar, wadda ake kira tuwita, tana sama kusa da madubi, ita ke ɗaukar siririn sauti. Tsakaninsu akwai wani ɗan akwati, kurosoba, wanda Kawu ke kira ɗan sandan hanya.

“Mai nauyi ka yi ƙasa, siriri ka yi sama,” in ji shi, yana kaɗa hannu kamar mai ba motoci hanya. “In babu shi, mai nauyi ya afka wa tuwita, ta ƙone, a zo a ce Kawu ya sayar da jabu.”

A jikin akwatin akwai ramuka uku na ɗaura wayar tuwita: na ragi, na tsakiya, da na ƙari. A nan ake sanin gwani.

Kawu yana da tsarinsa na gwaji, duk layin an san shi. Ba ya gwadawa da waƙa. Yana da wata tsohuwar murya a ɗan filashi, wadda ya naɗa ta matarsa, Inna, ranar da take lissafa masa abubuwan da ya manta bai sayo ba. Sai ya zauna a kujerar direba, ya rufe ƙofa, ya lumshe ido, muryar Inna ta cika motar: “Sabulu, sukari, ashana, soso, sai na faɗa sau nawa?”

“Babu muryar da na sani a duniya kamar wannan,” yakan ce. “In ta fito kamar tana tsaye a kaina, aiki ya yi.”

In yana cikin motar, babu mai magana. Ko mai facin da ke maƙwabtaka da mu, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan tsayar da guduma. Da Kawu ya ɗaga yatsa ɗaya, an gama.

Matsalar ita ce, kwanan nan kowace mota ramin ƙari yake zaɓa mata. Ko wajen zaɓen lasifika, ya daina nuna wa mutane tuwita mai kan siliki, mai taushin sauti, sai mai kan ƙarfe. Ya ce ’yan kamfani sun lalace, tuwitocin yanzu duk barci suke yi. Ni kuwa in na shiga motar, kowane “sa” na Inna sai ya soke ni har cikin haƙori. Motoci biyu suka dawo a mako guda. Mai ta biyun bai ma fito ba, ta taga ya ce zai gwada shagon da ke bayan gidan mai.

Kowane dare nakan shirya maganar a raina. Da safe in na ga Kawu yana goge gilashinsa yana raha da mai faci, sai ta maƙale. Ta yaya zan ce wa mutumin da ake kira Kunnen Layi kunnensa ya fara gajiya?

Sai na sami hanyar matsorata. In ya ɗaga yatsa ya tafi wanke hannu, kafin in rufe fatar ƙofa sai in kwance wayar in mayar da ita ramin tsakiya. Minti biyu. Motoci suka daina dawowa. Masu su suna yabon kunnen Kawu, shi yana shafa gemu, ni ina share ƙasa ina kallon tsintsiya.

Haka muka yi wata guda, har wata ma'aikaciyar jinya ta kawo ƙaramar motarta. Ranar Kawu ya aike ni kasuwa sayo waya, layi ya riƙe ni, kafin in dawo ya rufe ƙofofin da kansa, ta tafi.

Kwana biyu sai ga ta da hantsi, da rigar aiki a jikinta, wata farar mota na biye da ita.

“Baba mai sauti! Fito ka ji abin da ka yi mini!”

“Lafiya, Nas? Wa ya rasu?”

“Kunnena ne ya kusa. Ni da ke yi wa mutane allura, yanzu motata ke yi mini. Mai karanta labarai in ya ce sannunku, sai in ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.”

Mai faci ya ajiye tayarsa ya matso, don irin wannan ba ta wuce shi.

Kawu ya shiga motar, ya sa muryar Inna, ya lumshe ido. Daga waje ma ina jin sabulu da sukari suna tsaga iska. Ya fito yana murmushi.

“Nas, wannan ai kamar tana nan. Saura kawai ta jefe ni da ludayi.”

“To bari ka ji wata.” Ta nuna farar motar. “Ta abokiyar aikina ce, aro na yi, ƙanena ya tuƙo. A nan aka yi ta makon jiya. Lasifika iri ɗaya, shago ɗaya, hannu ɗaya. Tata kamar zuma, tawa kamar barkono. Ko son kai ake yi a shagon nan?”

Na san farar motar nan.

Kawu ya shiga ya saurara. Ya daɗe. Ya fito yana yamutsa fuska, ya ce tuwitarta ba ta aiki ma sam. Ya ɗauko sukundireba ya ɓalle fatar ƙofar, ya leƙa akwatin. Na ga bayansa ya tsaya cak.

Wayar tana ramin tsakiya. Ba wannan ne ya tona ni ba. Kawu yana murɗa bakin waya ta dama, kamar kowa. Ni bahaguwa ce.

Ya taɓa murɗin da ɗan yatsa. Ya buɗe ɗaya ƙofar, ya ga irinsa. Bai kalle ni ba.

“Injiniya.”

“Na'am, Kawu.”

“Mota nawa?”

“Goma sha ɗaya.” Da kyar muryata ta fito.

“Ɗaga murya, kin san halin da ake ciki.”

Mai faci ya fashe da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Kawu ma sai da gefen bakinsa ya motsa.

“Goma sha ɗaya, Kawu.”

“Goma sha ɗaya ina karɓar yabo kamar ango.” Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. “Shi ya sa Innarki ke cewa na mayar da talabijin injin niƙa. Ni ina cewa ita ce ta faye tsegumi.”

Ya buɗe ƙofar motar Nas ta ɓangaren direba, ya riƙe ta. Na tsaya ina jiran ya shiga.

“Ke nake jira. Ko sai an shimfiɗa miki darduma?”

Ban taɓa zama a kujerar nan lokacin gwaji ba. Na zauna a bakin-baki, hannuna a cinya. Kawu ya tsuguna gefen ƙofar, ya ɓalle fatar, ya kwance wayar ya mayar tsakiya, ya zaga ya yi wa ɗayar. Muryar Inna ta taso. Ta yi sauƙi, amma har yanzu ashanar tana da kaifi, don tuwitar mai kan ƙarfe ce, kuma tana kallon fuskar direba kai tsaye.

“Yaya?”

Na girgiza kai. “A rage kuma.”

“Ragi?” Ya dube ni ta saman gilashi. “A shagona?”

“Ragi, Kawu.”

Ya yi ƙwafa, ya mayar da wayar ramin ragi, ya rufe fatar. Wannan karon Inna ta fito sak, a tsakiyar gilashin gaba, da gajiyarta da faɗanta, har ɗan numfashin da take ja kafin ta ce soso. Na ɗaga yatsa.

“Tsaya,” in ji Kawu. Tafin hannunsa na kan fatar ƙofar. “Ba a gama ba. Akwai abin da ke kaɗawa a nan.”

Ni ban ji komai ba. Ya sake ɓalle fatar, ya zura hannu, ya fito da wata ’yar waya da ke taɓa ƙarfen ƙofa duk lokacin da babbar lasifika ta motsa. Ya naɗe ta da soso ya ɗaure. Da muka sake kunnawa, sai na gane akwai wani ɗan zuu da nake ji tun ɗazu ban san ina ji ba, yanzu ya tafi.

“Kunne naki,” ya ce, yana nuna mini tafinsa. “Wannan kuma ba a koyar da shi a jami'a.”

Nas ta shiga ta kamo tashar labarai, ta jingina da kujera. “Yauwa! Yanzu mutum ke magana, ba maciji ba.” Ta leƙo ta taga. “Baba, ɗakin duba kunne na asibitinmu yana buɗe har ƙarfe biyu. Ka ce ni na turo ka. Akwai ɗan abin da ake saƙalawa, ko gani ba a yi.”

“A ce a sa masa a ramin ƙari,” in ji mai faci.

Muka yi dariya, har ni. Motocin biyu suka fita, mai faci ya tsare ni yana so in ba shi labarin goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ina tsakiyar ta uku na waiga cikin shago.

A kan teburin aiki, inda nake ajiye jakata, ga ɗan filashin da muryar Inna ke ciki, ga ƙaramar sukundirebarsa mai jan mariƙi a gefe. Agogon bango ya ce ɗaya saura kwata. Hular Kawu ba ta kan ƙusa. Na leƙa titi, na hango shi can wajen tashar mota, ya sa rigarsa ta fita, yana tsayar da ta haya.