Nano Ta Dawo Kebbe

Mannir na tsakiyar cin waina a tashar Tambuwal wayarsa ta yi ƙara. Nu'umanu ne, abokinsa tun sakandare, wanda suka haɗa hannu suka buɗe shagon koyar da kwamfuta a Kebbe.

"Mannir, babban injin shago ya ƙi ba yara tambayoyin jarrabawa. Layi guda nika son gyarawa, kuma ban ga nano ba. Ina ka kai ta?"

Mannir ya ajiye wainar. Shi ya goge nano makon jiya, bai gaya wa kowa ba.

Mannir mutum ne mai kirki, amma a kan vim ba ya ji ba ya gani. Ita ce manhajar da yake gyara rubutu da ita a baƙin allon Linux, kuma a wurinsa duk mai amfani da nano rago ne. Nu'umanu kuwa nano ya iya, don ita tana rubuta maka a ƙasan allo abin da za ka danna. Shekaru suna wannan musu da dariya, har Mannir ya ga bari ya koya masa da ƙarfin tsiya.

"Buɗe vim, sai ka danna..." Layi ya yanke. Mannir ya kira ya sake kira, shiru.

Ranar ce shugabar wata makaranta, Malama Hamdiya, ta kawo ɗalibanta gwajin jarrabawar kwamfuta. Wata da watanni Nu'umanu ya yi yana zarya kafin ta yarda ta ba su aikin. Mannir ya haye babur, bai ko wanke hannu ba.

Da ya isa, kujeru ne kawai suka tarbe shi. Nu'umanu na zaune gaban allo. Ashe ɗazu ya shiga vim ya yi ta danne-danne, fayil ɗin ya dagule, fita ma ta gagare shi a gaban yara da malamarsu.

"Sun tafi?"

"Tun kafin azahar. Ta ce Tambuwal za ta kai su." Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi yi wa Mannir ciwo ke nan. "Yara na ta dariya, Mannir. Ni da furfurata."

"Wallahi so nika yi ka koya."

"Ai na koya."

Nu'umanu ya ajiye makullin shago a kan tebur, ya ce gero na jiran sa a gonarsa ta Fakku, ya tayar da babur ɗinsa.

Kunya da nadama suka rufe Mannir. Ya zauna a kujerar da ɗumin abokinsa bai bar ta ba, ya zaro filas ɗin kwamfuta daga aljihu ya mayar da nano. Ko shan kofin ruwa bai kai ba ta dawo. Ya buɗe ta ya gyara layin, injin ya tashi, tambayoyi suka bayyana a kowace kwamfuta, ba mai amsawa.