Lambobin Malam Halilu

Malam Halilu ya rasu da rani. Kafin damina ta faɗi, aikinsa na shekara ashirin ya tsaya cak.

Tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Illela, mai sha'awar rediyon magana da nesa. Da daɗewa wata ƙungiya ta ƙasar waje, mai raba wa masu irin wannan rediyo lambobin intanet masu farawa da 44, ta ba shi kaso da sunansa. Da su ya haɗa anten uku, wato eriyoyin kama saƙo: Illela, Badagishiri, da wani tudu wajen Malbaza. In ruwa ya taso daga gabas, ta nan manoman kwari ke jin labari kafin ya iso gare su.

Abokin aikinsa Jaje ne ya gaji ƙarafan. Sai kamfanin da ke ɗaukar musu rezo, wato layin intanet, a Konni ya ce ba zai ƙara wucewa da lambobin ba sai ya ga takardar izini daga ƙungiyar.

Jaje ya yi abin da ake yi in ana rigimar gona. Ya ɗauki dattawa biyu, Baba Hashimu da wani, da wasiƙa mai hatimin maigari, suka shiga buron Sumaila, injiniyan kamfanin.

"Baba Jaje, wanga taro duk na mi?" in ji Sumaila. "Aure za a ɗaura?"

"Shaidu ne. Gabansu marigayi ya ce in riƙe lambobin."

"Wallahi na yarda da su. Amma ƙungiyar ba ta san Baba Hashimu ba. Ka rubuta musu da lambar lasisinka."

Jaje ya sunkuyar da kai. Shekara ashirin yana magana a rediyo da lasisin Malam, bai taɓa neman nasa ba. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna.

"To ka shiga asusun marigayi na ƙungiyar," in ji Sumaila. "Kalmar sirri kawai."

Jaje ya san inda take: baƙin littafin da Malam ke rubuta komai. Ya koma Illela, ya yi sallama ga Lantana, matar marigayin.

"Hajiya, littafin Malam nake so."

"Ayya, Jaje. Ka manta halinshi? Kowane shafi da bisimilla yake farawa. Ranar sadakar bakwai ƙanenshi Usman ya tattara takardun ya ƙone, kada sunan Allah ya faɗi ƙasa a taka."

"Duka?"

"Har na cikin akwati."

Usman bai yi mugunta ba. Bai dai buɗe ya karanta ba, kuma bai tambayi kowa ba.

Jaje ya shiga ɗakin rediyo. Fitilar na'urar tana ci, kore shar, ba ta kai saƙo ko'ina. Ta taga ya hango hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Ya tura tsohon babur ɗinsa waje, ya kama hanyar Badagishiri don ya faɗa wa manoman da baki. Bai kai rabin hanya ba ruwa ya tsinke.